Itace, Fetur da Rana: Lissafin Wuta a Karkarar Lambara

A watan Afrilun 2022, cikin azumi, wani kwale-kwale ya kife a ruwan Shagari ɗauke da mutanen ƙauyen Gidan Magana. Mutum 29 ne suka riga mu gidan gaskiya, akasarinsu yara da matasa, kuma mata sun fi yawa a cikinsu. Abin da ya fitar da su daga gida a ranar shi ne itacen girki. Za su tsallaka ruwa ne su yo abin da iyayensu mata za su hura wuta da shi.

Jaridu sun kawo labarin a sahun haɗurra, aka yi ta'aziyya, aka wuce. Amma duk wanda ya tsaya ya dubi dalilin tafiyar zai ga labarin makamashi ne tsagwaronsa, irin wanda ba ya samun kujera idan manya sun taru a Abuja suna lissafin megawat.

Lambara gunduma ce a cikin ƙaramar hukumar Shagari, inda wannan haɗari ya faru, a yankin da ya haɗa kafaɗa da ƙasar Boɗinga, kudu da birnin Sakkwato. Ƙasa ce mai tarihi. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan jihadi kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi ya yi zama a Boɗinga, garin Shagari kuma ya ba Najeriya shugaban ƙasa a 1979. Mutanen yankin manoma ne da makiyaya: gero da dawa da wake da damina, albasa da tattasai da tumatir a fadama da rani. Rana kuwa Allah ya hore musu ita har ta yi yawa, domin a watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40.

Idan aka tambayi magidanci a ɗaya daga ƙauyukan nan nawa yake kashewa a kan wuta, mai yiwuwa ya yi dariya ya ce ai shi Nepa ba ta san da zamansa ba, balle ta kawo masa takardar biya. To amma a zauna da shi a lissafa. Akwai batirin tocila da na rediyo. Akwai kuɗin caji wurin yaron da ya kafa janareta a bakin kasuwa, ya jera soket a kan tebur, kowace waya da 'yar takardar suna manne a bayanta. Akwai kuɗin niƙa, wanda yake hawa duk ranar da dizal ya hau. Akwai fetur na injin ban-ruwa. Idan azumi ya faɗo cikin bazara akwai ƙanƙara, wadda sai an ɗauko ta daga birni a bayan babur, an ƙunshe ta cikin buhu, ta iso rabi ya zama ruwa. Sai itace, ko dai a saya dami-dami, ko yarinya ta bar makaranta ta yini a daji. Duk wannan kuɗin wuta ne, illa dai ana biyansa ne kaɗan-kaɗan, shi ya sa ba a jin nauyinsa lokaci guda.

Kuma wuta ce mai ɗan karen tsada. Masu mita a birni sun san abin da ake kira yunit, wato wutar da na'ura mai cin wat 1,000 za ta sha cikin awa guda. Ƙaramin janareta irin na masu shago yakan ƙone abin da ya kusa lita guda ta fetur kafin ya ba da yunit ɗaya, saboda yawancin ƙarfin man zafi da ƙara da hayaƙi yake zama. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, lita a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba. Kafin 2024 ta ƙare ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Lokacin da aka ɗaga kuɗin wutar unguwannin da ake kira rukunin A zuwa naira 225 a kan yunit, a watan Afrilun 2024, ƙasa ta ɗauka da ƙorafi. A daidai lokacin mai shayi da mai cajin waya a karkara suna biyan ninkin wannan wajen sau uku, ba wanda ya kira taron manema labarai a kansu. Wutar batirin tocila kuwa ba a magana: sai an tara manyan batura kusan 100 ko fiye kafin a haɗa yunit ɗaya.

Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar babban layi, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Mafi yawansu a karkara suke, kuma Arewa maso Yamma na cikin yankunan da abin ya fi yi wa katutu.

To me ya hana a ja waya kawai ta kai ko'ina? An ja a wurare da yawa. Matafiyi a hanyar Sakkwato zuwa Jega zai ga falwaya jere a gefen titi, wasu sun ratsa gonaki sun nufi ƙauyuka. Matsalar ita ce abin da ke cikin wayar. Wutar da ke zuwa wannan yanki doguwar tafiya take yi: daga tashoshi irin su madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ta bi babban layi zuwa Birnin Kebbi, a rage mata ƙarfi a turo ta Sakkwato, sannan kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda yake riƙe da Kaduna da Zamfara da Kebbi da Sakkwato, ya raba ta. Daga Birnin Kebbin ne ma wani layi ya miƙe zuwa Yamai, wanda aka datse a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka maido shi bayan wasu watanni. Abin da ƙasar baki ɗaya ke rabawa yawanci tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000, ga mutum sama da miliyan 200. Wanda yake ƙarshen layi shi ne na ƙarshen samu, shi ne kuma na farkon yankewa. Kamfani ɗan kasuwa ne. Jan waya kilomita 10 zuwa ƙauyen da ba a kunna komai sai ƙwan fitila ba zai taɓa mayar masa da kuɗinsa ba. Shi ya sa idan taransifomar ƙauye ta ƙone sai a kwashe wata da watanni jama'a na karo-karo, ɓarayi kuma na kwance wayar da dare. Gwamnatin jiha ta yi yunƙurin samun tata tashar mai megawat 38 tun 2008, aikin da ya shafe fiye da shekara goma ana ɗage ranar kammala shi.

Abin mamaki, Sakkwato ba baƙuwa ba ce a harkar hasken rana. A 1982, zamanin mulkin Shehu Shagari, aka kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar da yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tun lokacin da mafi yawan duniya ke yi wa faifan sola kallon kayan kumbon sama jannati. Masanan cibiyar sun ƙera na'urorin busar da kayan gona da dumama ruwa da rana, da murhu mai tsimin itace, da rijiyoyin haƙo iskar gas daga kashin dabbobi. An kafa tashar sola ta gwaji mai kilowat 7.2 a ƙauyen Kwalkwalawa, an kafa injin iska mai kilowat 5 a Sayya Gidan Gada, an mai da Danjawa ta ƙasar Wamakko ƙauyen gwaji. Ilimin yana nan tun tuni. Abin da ya hana shi fita daga harabar jami'a shi ne tsada, da kuma rashin wanda zai mai da gwaji kasuwa.

Tsadar ce ta karye. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan sola a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, galibi saboda masana'antun Sin. Daga nan aka fara ganin abin da ake kira ƙaramar tashar gari: faifai da batura da inbata a cikin shinge ɗaya, a ja waya cikin gari, a sa wa kowane gida mita. A Torankawa, cikin ƙaramar hukumar Yabo da ke maƙwabtaka da Shagari, an buɗe irin wannan tasha mai kilowat 60 a 2019, da kuɗin gwamnatin tarayya. A Kurdula ta ƙaramar hukumar Gudu an kafa mai kilowat 80 da tallafin Tarayyar Turai da Jamus. A tsallaken iyaka kuma, Nijar ta buɗe tashar megawat 7 a Malbaza, kusa da Birnin Ƙonni, a 2018. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar wuta ta fitar da ƙa'idojin irin waɗannan tashoshi a 2016, ta sabunta su a 2023. Sun ba ɗan kasuwa damar kafa tasha har zuwa megawat 1, ya yi yarjejeniyar farashi da mutanen gari. Farashin yakan fi na Nepa, amma bai kama ƙafar na janareta ba, kuma wutar tana zuwa.

Kilowat 60 gida nawa zai ɗauka?

Nan ne maganar tsimin wuta ta shigo, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Amsar tambayar ba a hannun injiniyan da ya kafa tasha take ba. Tana rataye a silin ɗakunan mutane.

A yi lissafi mai sauƙi. Faifai masu kilowat 60, a ƙasar da ke samun aƙalla awa 5 ta cikakkiyar rana, za su ba da yunit 300 a yini. A cire kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke salwanta a zafi da ƙura da batir da waya, saura 225. Yanzu a ɗauki gida mai ƙwan fitila huɗu irin na da, mai zare a ciki, wanda ke cin wat 60. Idan suka yi awa 5 a kunne, wat 1,200 sun tafi. A ƙara fankar sama ta gargajiya mai wat 75, ta yi awa 8 tana juyawa, 600 ke nan. Gidan ya sha yunit 1.8 a kwana ɗaya, tashar kuma za ta ɗauki irinsa 125 ta tsaya.

A sake shiga gidan, a kwance ƙwayayen nan a ɗaura na LED masu wat 9, waɗanda haskensu ɗaya ne da na wat 60 ɗin. A sauke fankar a ɗaura ta zamani mai cin wat 30. Fitilu sun koma 180, fanka 240, jimla ƙasa da rabin yunit. Ɗaki bai rage haske ba, iska ba ta ragu ba, amma tashar nan guda yanzu za ta ɗauki gida sama da 500. Bambancin ya fito ne daga yadda tsohon ƙwai yake aiki: kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi yake mayar da ita, shi ya sa ba ya taɓuwa da hannu idan ya jima a kunne. A garin da mutane ke kwana a tsakar gida saboda zafi, biyan kuɗi don a ƙara ɗumama ɗaki ba dabara ba ce.

Haka lissafin yake ga firji. Tsohon firji ɗan Kwatano, wanda Bature ya gama moransa ya yar, robar ƙofarsa ta saki, yakan sha ninki biyu ko uku na sabo mai tsimi. Mai shago ya saye shi da arha, sannan ya ci gaba da biyan kuɗinsa kowace rana har ya mutu. Kafa tashar sola a bar irin waɗannan kaya a jikinta ɗiban ruwa ne da kwando.

Gana ta gane wannan da wuri. A 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, gwamnati ta raba ƙwayayen fitila masu tsimi miliyan 6 kyauta, tana karɓe tsofaffin. Buƙatar wuta a lokacin da aka fi cunkoso ta ragu da kimanin megawat 124, fiye da ninki uku na tashar da Sakkwato ta yi shekaru tana jira. Daga 2013 kuma ta hana shigo da tsofaffin firji. A Najeriya hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta fito da tambarin taurari da ke nuna yawan wutar da firji ko na'urar sanyaya ɗaki ke ci, sai dai da wuya a ga mai saye a kasuwar ƙauye yana neman tambarin, ko mai sayarwa yana nuna shi.

Sola ma tana da nata halin, kuma masu tallarta ba su cika faɗa ba. Faifai haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi, kimanin kashi 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri da ya haura 25. Da azahar ɗin bazara, lokacin da gilashin ya yi zafin da ba a iya ɗora hannu, kusan kashi 15 ya tafi. Idan hunturu ya shigo ƙura ta lulluɓe shi, sai ya ƙara ja baya, alhali tsumma mai laushi da ɗan ruwa da sassafe sun isa magani. Babban rauni shi ne batir. Irin na da, mai ruwa da darma, shekarunsa kan ragu da rabi duk lokacin da zafin wurin da aka ajiye shi ya ƙaru da digiri 10. Wanda ya kulle batirinsa a ɗakin kwano marar taga ya rage masa kwana da hannunsa. Na litiyom ya fi juriya, ya fi tsada. Ga kuma jabu da suka cika kasuwa, faifan da aka rubuta wat 300 a bayansa ba ya ba da rabin haka. Mutum ɗaya ya sayi jabu a ƙauye, sai gari ya yanke hukunci cewa sola ƙarya ce. Fitilun kan titi na ayyukan mazaɓu, waɗanda ke haskawa ranar buɗewa su mutu kafin zaɓe ya zagayo, su ma sun taimaka wajen ɓata mata suna.

Akwai kuma wani abu da masu tashoshin gari suka koya da tsada. Garin da ba ya amfani da wuta sai da dare ba zai iya riƙe tasha ba, domin duk abin da aka sha da dare sai ya bi ta batir, batir kuma shi ne ya fi cin kuɗi. Wutar rana tsaka ita ce mai arha, kuma ita ce ke zubewa a banza idan babu mai sha. Masu shanta kuwa suna nan, dizal da fetur kawai suke ƙonawa: mai injin niƙa, mai markaɗe, mai walda, tela, mai ƙanƙara, asibitin sha-ka-tafi da ke buƙatar firjin rigakafi. Idan aka taimaka wa mai niƙa ya sauya tsohon injinsa mai bel da hayaƙi ya koma inji mai aiki da lantarki, shi ya rage kashe kuɗi, mata sun sami sauƙin niƙa, mai tasha ya sami babban abokin ciniki da rana.

Manomin fadama ya fi kowa shiga wannan lissafi. Tun shekarun 1990, lokacin da shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa 'yan rijiyoyin bututu da ƙananan injinan fetur, noman rani a Arewa ya rataya a wuyan gidan mai. Da farashi ya tashi a 2023, manoma da yawa suka koma haɗa injinansu da tukunyar gas ta girki, wasu suka rage faɗin gona. Famfon sola ya dace da fadama fiye da ko'ina: ruwa ba shi da zurfi, lokacin da shuka ta fi jin ƙishi shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi, kuma ba ya buƙatar batir sam. Cikas ɗinsa ɗaya ne, kuɗin farko. Fetur ana sayensa lita-lita, famfo kuwa sai an dunƙule kuɗi lokaci guda. Manomin albasa da zai iya biya bayan ya kwashe amfani ba shi da wanda zai ba shi bashi kafin shuka. Wannan aikin banki ne da ƙungiyoyin manoma, ba na injiniya ba.

Madafa, inda ba a leƙawa

Ko da kowane gida a Lambara ya sami fitila da fanka gobe, tukunya na nan a kan duwatsu uku. Idan aka auna makamashin da gidan karkara ke ci gaba ɗaya, girki ne ya kwashe kaso mafi tsoka, nesa ba kusa ba. Murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 kacal na zafin itacen yake kai wa tukunya. Sauran yana bin iska ta gefe, ya shiga idon mai girki da ƙirjin goyon da ke bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma mata da ƙananan yara ne a gaba.

Daji ma yana biya. Inda a da ake saran kirya da marke, yanzu sabara da kalgo da geza ake bi, su ma an fara tono saiwarsu. Idan itace ya gagara sai a koma kan kara da busasshen kashin shanu, wato abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki. Bana an dafa tuwo da shi, baɗi gona ta rage damin gero. Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin nan na katangar bishiyoyi ta Afirka ya shafa, amma dashen itace ba zai cim ma saran itace ba muddin murhu bai canza ba.

Murhu mai tsimi ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1980 maƙeran Nijar ke ƙera murhun ƙarfe da aka raɗa wa suna Mai Sauƙi, da na laka mai suna Albarka. Dabarar ɗaya ce: a kewaye wuta kada iska ta kwashe ta, a bar mata ƙofar shan iska daidai wa daida, a sa tukunya ta zauna ciki yadda harshen wuta zai lashi gindinta da gefenta. Irin wannan kan rage itace da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Akwai kuma Save80 na baƙin ƙarfe marar tsatsa, ƙirar Jamus, wanda yanzu ake haɗawa a Kano, wanda masu shi suka ce yana rage kashi 80.

To me ya sa ba su cika gari ba? Saboda sau da yawa wanda ya zana murhun bai taɓa tuƙa tuwo ba. Tuwon gidan mutum 20 yana buƙatar babbar tukunya da murhun da ba zai motsa ba idan an sa muciya da ƙarfi, har mai tuƙi ta taka gefensa da ƙafa. Wasu murahun sai an faskara itace ƙanana-ƙanana kafin su ci, ƙarin aiki ke nan ga matar da tun asuba take tsaye. Wasu ba sa karɓar kara. Sannan akwai maganar da ba a cika faɗa a taro ba: wadda ke shaƙar hayaƙin daban, mai riƙe da kuɗin cefane daban. Maigidan da itacensa 'ya'ya ke yo masa kyauta ba ya ganin abin da zai ci riba idan ya sayi murhu. Inda aka yi nasara, mata ne aka koya wa gina murhun da hannunsu, da laka da ƙaiƙayi, daidai da girman tukwanensu, ko aka ba maƙerin gari samfuri ya ƙera ya sayar a kasuwar mako.

Gas ya fi duka tsafta, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikinsa. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta ta ƙasa. Amma matar da sai an yi tafiya mai nisa a babur kafin a cika mata tukunya, ba takardar manufa take jira ba. Kafin gas ya iso, akwai abin da ba ya cin ko kwabo: a jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya da murfi, a bar itace ya bushe sosai, a kare murhu daga iska ko da da tsohon kwano ne. Tsofaffin mata sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro masa suna.

Kuɗi dai yanzu sun fi da samuwa. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin DARES, wanda hukumar wutar karkara ta REA ke gudanarwa, da burin kai wuta ga mutum miliyan 17.5 ta hanyar tashoshin gari da sola ta gida-gida. Dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta ba kowace jiha ikon tsara kasuwar wutarta da kanta. Sai dai kamfanonin da ke karɓar wannan tallafi garin da ya shirya suke bi: inda hakimi da masu unguwa suka ba da fili, aka ƙirga shaguna da injinan niƙa, jama'a suka yarda za su sa kati a mita, aka kuma sami matasan da za su yi gadi da gyara. Ƙauyen da ya zauna jiran a kawo masa kyauta yakan sami irin fitilun nan ne na kan titi.

Saboda haka kira ya tafi ga shugabannin ƙananan hukumomin Shagari da Boɗinga da kansiloli da ƙungiyoyin ci gaban gari: su haɗa wannan ƙidaya, su kai ta da ƙafarsu, su kuma nemi cibiyar da ke jami'ar Sakkwato ta horar musu da matasa da mata kan gyaran sola da ginin murhu. Duk ɗan siyasar da ya zo Lambara da alƙawarin wuta kuma, a tambaye shi a gaban jama'a wa zai sauya batir a shekara ta uku, da kuɗin wa, sannan me ya tanadar wa madafa.